SARKIN YAWA YA FI SARKIN ƘARFI: Tarihin katin hoton kwamfuta daga 1981 zuwa 1990

 Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda ke cikin lakca ya ajiye shi sai an tashi.

Kowa a cikinmu ya san shuɗin bakin nan mai ramuka 15 da ke bayan tsohuwar firojekta. Ranar semina ko ranar kare kundi za ka ga mutum riƙe da sabuwar laftof ta maƙudan kuɗi, amma yana zagaye sashe yana tambayar wa ke da adaftar VGA. Wannan bakin an ƙirƙiro shi ne a 1987, ya girmi kusan duk wanda ke karanta wannan rubutu. Tun a watan Disamba na 2010 kamfanonin Intel da AMD suka sanar cewa za su daina tallafa masa zuwa 2015, amma ga shi nan daram a ajujuwanmu.

Me ya sa ya ƙi mutuwa? Amsar tana cikin tarihin shekara goma na farkon kwamfutar tebur. Kuma a tsakiyar tarihin akwai wani ɗalibin digiri na uku, baƙo a ƙasar da yake karatu, wanda matsalarsa irin tamu ce sak: kwamfuta ba ta san haruffan harshensa ba.

KATI BIYU, KA ZAƁI ƊAYA

Ranar 12 ga Agusta 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur mai lamba 5150, wadda duniya ta sani da IBM PC. Wata ƙaramar tawaga ce ta haɗa ta a garin Boca Raton na jihar Florida a Amurka, ƙarƙashin Don Estridge. Don su gama da wuri, sai suka sayi kayan da ke kasuwa suka harhaɗa: ƙwaƙwalwar Intel 8088 mai gudun 4.77 MHz, da manhajar DOS daga Microsoft. Mafi arha a cikinta dala 1,565 ce, ba allo, ba wurin sa faifai.

Ita kanta kwamfutar ba ta iya nuna komai. Sai ka sayi wani kati daban ka cusa a ɗaya daga cikin ramuka biyar da ke cikinta, shi ne zai riƙa karanta abin da aka ajiye masa a memori yana aika wa allo. Wannan shi ne katin hoto. IBM ya kawo iri biyu.

Na farko MDA. Memorinsa KB 4 kacal, kuma ba ya zane ko kaɗan, rubutu zalla. Layi 25, kowane layi harafi 80. Mu yi lissafin tare: 80 sau 25 ya ba da gurbi 2,000, kowane gurbi yana cin bayit biyu, ɗaya na harafin, ɗaya na yanayinsa, wato ko mai haske ne, ko an ja masa layi, ko yana ƙyaftawa. Jimla bayit 4,000. Kun ga inda KB 4 ta tafi. Amma fa rubutun tsaf yake, don kowane harafi ana gina shi da ɗigo 9 a kwance da 14 a tsaye, a kan koren allo mai lamba 5151. Katin kuma yana ɗauke da bakin haɗa firinta. Akanta da sakatare da ma'aikacin banki, wannan ne nasu.

Na biyu CGA, mai launi. Memorinsa KB 16. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka wannan fiye da sau ɗari. Da wannan ɗan memorin dole a yi ciniki: ko dai ɗigo 320 a kwance da 200 a tsaye da launi huɗu, ko 640 da 200 da launi biyu. Duka biyun bayit 16,000 suke ci. In ka ƙara launi ka rage kaifi, in ka ƙara kaifi ka rage launi, kamar mai alawus ɗaya da zai raba tsakanin abinci da hoton takardu. Launuka huɗun ma ba kai ke zaɓa yadda ka ga dama ba. Ko dai shuɗi mai haske da ruwan hoda da fari, ko kore da ja da ruwan ƙasa, sai launin bango guda ɗaya da aka bar maka. Shi ya sa tsofaffin wasannin lokacin za ka ga fuskar mutum ruwan hoda, ciyawa shuɗiya. Rubutunsa kuma ɗigo 8 da 8 ne, kana gani kana ƙirga ɗigon.

CGA yana da wata cuta da Amurkawa suka sa wa suna dusar ƙanƙara. Idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta taɓa memorin katin daidai lokacin da shi ma katin ke karantawa, a yanayin rubutu mai harafi 80, sai allo ya cika da tsaki-tsaki irin na talabijin bayan an rufe tasha. Masu rubuta manhaja sai suka koyi laɓewa su jira ɗan taƙin da hasken allo ke komawa ya faro sabon layi, sannan su yi wuf su rubuta.

Yana kuma da wani baki na biyu da ake haɗawa da talabijin ta gida. Ta nan ne masu wasanni suka gano dabara: idan ka jera fari da baƙi a wani tsari, talabijin takan rikice ta nuna launin da ba a aiko mata ba, har a samu launi 16. Sai dai wannan dabara ta tsarin NTSC ce na Amurka. Talabijin ɗinmu a Nijeriya PAL ce, don haka da an kawo katin Kano ko Ibadan an haɗa da talabijin ta gida, ba za a ga waɗannan launuka ba. Tun daga nan za ka fara gane cewa wanda ya ƙera abu, gidansa yake fara kallo.

RABON FILOTI

Akwai wani abu da ya kamata mu fahimta kafin mu ci gaba, don shi ne ginshiƙin maganar dacewa. Ƙwaƙwalwar 8088 tana iya kiran adireshi har na MB 1. IBM ya yanka wannan fili kamar filoti. KB 640 na farko na manhajoji ne. Daga adireshin A0000 zuwa sama an keɓe wa katin hoto da sauran kayan cikin gida. MDA aka ba shi B0000, CGA aka ba shi B8000. Wannan rabon ne asalin katangar KB 640 da ta takura wa masu DOS sama da shekara goma.

Tunda kowa da filotinsa, ana iya sa katunan biyu a kwamfuta ɗaya da allo biyu. Manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3, wadda ta fito a Janairun 1983, tana iya nuna alƙaluma a koren allo, jadawalin zane kuma a mai launi. Masu aiki da allo biyu yau suna ganin sabon yayi ne, alhali tun lokacin ake yi.

To amma a kula. Duka katunan biyu baki iri ɗaya ne da su, mai ramuka 9, alhali saƙon da ke fita ba ɗaya ba ne. MDA yana zana layi wajen 18,400 a daƙiƙa, CGA wajen 15,700. Koren allon nan ba shi da abin da zai kare kansa, duk gudun da kati ya ba shi da shi yake aiki. Ka haɗa shi da katin da ba nasa ba, yana iya ƙonewa. Wato shigar filogi cikin rami ba ita ce dacewa ba.

Abu na ƙarshe a nan shi ne BIOS, 'yar manhajar da ke zaune daram a cikin kwamfuta. Tsarin IBM shi ne duk manhajar da ke son rubutu a allo ta bi ta hannun BIOS, kamar yadda ake cewa ka kai takardarka wurin sakatare shi zai shigar wa oga. Amma sakataren nan akwai nawa. Sai masu manhaja suka riƙa tsallake shi suna shiga kai tsaye, suna zuba bayanai a B8000 da hannunsu, suna murɗa saitin IC ɗin da ke tuƙa katin, Motorola 6845. Manhaja ta yi sauri, amma an ɗaure ta da wannan katin. Daga ranar, duk wanda zai ƙera wani kati dole ya kwaikwayi na IBM har da adireshinsa da halayensa, in ba haka ba manhajojin mutane su ƙi tashi.

ƊALIBIN DA YA GA TSAGA A BANGO

Yanzu ku dubi halin da mai saye yake ciki a 1982. In kana son rubutu mai kyau, ba zane. In kana son zane, rubutu ya lalace, kuma sai ka sayi wani allon. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haruffan da waɗannan katuna ke nunawa guda 256 ne, an ƙone su a cikin wani IC a jikin katin, ba a gogewa. Wannan jeri shi ake kira shafi na 437. A ciki akwai baƙaƙen Turanci, da é da ñ da ü na Turawan Yamma, da wasu haruffan Girka na lissafi, da alamar dala da fam da yen. Har fuskar murmushi da alamomin karta an sama musu gurbi. Amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Babu ẹ da ọ da ṣ na abokan karatunmu Yarbawa, babu ị da ụ na Ibo. Babu alamar naira, duk da tun 1973 ake kashe ta, shi ya sa har yau za ka ga tsofaffin takardu an rubuta =N= a gaban kuɗi. Larabci da ajami kuwa ba a ma maganarsu.

Van Suwannukul ɗan ƙasar Tailan ne da ke karatu a Amurka, yana son ya rubuta kundin digirinsa na uku da haruffan harshensa a kan IBM PC. Rubutun Tailan yana da baƙaƙe 44, wasulansa kuma wasu a sama suke zama, wasu a ƙasa, wasu a gaba, wasu a baya, sannan a ɗora alamar karin sauti a can bisa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san yadda fataha da kisira da rufu'a ke hawa kan baƙi, to ku ɗauka haka ne har da ƙari. MDA ba ya zane balle a zana masa harafi. CGA kuma ɗigonsa sun yi gwaɓi, wasulan za su cakuɗe.

Sai ya ƙera nasa katin. Shi da Kevin Jenkins suka kafa kamfanin Hercules, katin ya shiga kasuwa a 1982 a kan dala 499. Ga inda basirar take. Bai ce kowa ya zubar da abin da yake da shi ba. Katin Hercules yana amfani da koren allon da mutane suka riga suka saya. Yana zaune a adireshin MDA. Yana amfani da IC ɗin nan 6845. Yana da bakin firinta. Idan ka kunna kwamfuta, ita a ganinta MDA ne, duk manhajar da ke aiki jiya za ta yi aiki yau. Amma a ɓoye yana da memori KB 64 da wani yanayi na zane mai ɗigo 720 da 348, wanda ya kusa ninka kaifin CGA sau biyu. Kowane ɗigo kana iya kunna shi ko ka kashe shi, don haka kowane harafi na duniya yana zanuwa.

BIOS ɗin IBM bai san da wannan yanayin ba sam. Amma da yake masu manhaja sun riga sun saba tsallake sakatare, abin bai zama matsala ba. Da Lotus 1-2-3 ta karɓi Hercules, sai 'yan kasuwa suka ga za su samu alƙaluma da jadawali a allo ɗaya. Daga nan katin ɗalibi ya zama ma'auni, har wasu kamfanoni suka riƙa buga nasu suna rubuta cewa ya dace da Hercules, kamar yadda ake rubuta ya dace da IBM.

Ba a rasa rigima ba. Memorin Hercules shafi biyu ne, kowanne KB 32, kuma shafi na biyu ya faɗa cikin filotin CGA a B8000. Shi ya sa katin ke zuwa da 'yar manhaja da za ka ce mata rabi ko cikakke: in akwai CGA a kwamfutar ka tsaya a rabi, kowa ya zauna a gidansa. Wannan cin iyakar kuma ya zo da wani alheri. Tunda shafi na biyu yana daidai inda wasannin CGA ke zuba hotonsu, sai wasu suka rubuta manhajoji irin su SIMCGA da ke sa wasan launi ya fito a koren allo. Ba duka ke tashi ba, hoton ma yakan ɗan daddaɓe, amma ɗalibin da ba shi da kuɗin allo mai launi ya samu na rage dare.

A 1986 Hercules ya fito da wani katin mai abin da suka kira RamFont, inda manhaja ke iya loda haruffanta har 3,072 a yanayin rubutu. A Gabashin Turai kuwa ba su jira kowa ba, cire IC ɗin haruffa suka riƙa yi suna sa nasu. 'Yan Folan har tsarinsu suka yi mai suna Mazovia don haruffansu su fito.

MASU KWAIKWAYO SUN SHIGO

Da yake kayan IBM PC na kasuwa ne, abin da ya rage wa mai son kwaikwayo shi ne BIOS. Kamfanin Compaq ya sa injiniyoyi suka rubuta nasu daga tushe ba tare da kwafar na IBM ba, ya fara sayar da Compaq Portable a 1983. Katinta yana haɗa rubutu mai kaifi irin na MDA da zanen CGA a allo ɗaya, abin da IBM ɗin kansa bai yi ba. A shekarar farko sun yi cinikin dala miliyan 111. A 1984 kamfanin Phoenix ya fara sayar da irin wannan BIOS ga duk mai so, ƙofa ta buɗe gaba ɗaya.

Ta yaya mai saye zai gane kwamfuta ta dace da gaske? Jarrabawar da aka fi yi ita ce a sa mata Lotus 1-2-3 da wasan tuƙin jirgi na Microsoft Flight Simulator, don su biyun suna taɓa kayan ciki kai tsaye. In sun tashi lafiya, ta ci. Akwai kwamfutoci a wancan zamani da suka fi IBM PC kyawun hoto nesa ba kusa ba, suna kuma aiki da DOS, amma da yake manhajojin da mutane suka saya ba sa tashi a kansu, kasuwa ta watsar da su.

Wani abin dariya ya faru da IBM a nan. A 1984 ya fito da PCjr don gida, mai launi 16 a 320 da 200, har aka yi mata wasan King's Quest. Ba ta karɓu ba, a 1985 aka daina ƙera ta. Amma kamfanin Tandy ya riga ya kwaikwayi tsarin hotonta a Tandy 1000, ita kuma ta sayu sosai. Sai ga kwalayen wasanni ana rubuta musu Tandy a matsayin sunan tsarin da IBM ya ƙirƙira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

EGA DA VGA

A ƙarshen 1984, bayan fitowar babbar kwamfutar PC/AT, IBM ya kawo EGA: ɗigo 640 da 350, launi 16 da za ka zaɓa daga cikin 64. A nan ma lissafi bai bar kowa ba. Launi 16 yana buƙatar bit 4 a kowane ɗigo, wato bayit 112,000, alhali katin yana zuwa da KB 64. Wanda bai sayi ƙarin memori ba, launi huɗu zai gani a wannan yanayin. Ana iya ƙara shi har KB 256.

EGA ya koyi darasi biyu. Na ɗaya, yana da wasu 'yan makunnai a bayansa da za ka saita ka gaya masa wane allo ne a gabansa, kore ne, na CGA ne, ko sabon nasa mai lamba 5154. Na biyu, ya zo da nasa BIOS a jikinsa, kuma yana barin manhaja ta loda haruffan da take so. Daga nan rubutun wasu harsuna ya samu hanya a DOS ba tare da an cire IC ba. Sai dai ba ya amfani da 6845, don haka manhajojin CGA masu murɗa saiti kai tsaye wasunsu suka rikice a kansa. IBM da kansa ya kasa dacewa da IBM ɗari bisa ɗari.

Tsadarsa ma ba ta daɗe ba. A 1985 kamfanin Chips and Technologies ya matse aikin IC 19 na katin IBM cikin guda huɗu, ya sayar wa kowa. A shekarar ce kuma aka kafa ATI a Kanada, wanda ya yi suna da katunan da ke jin yaren kowa, MDA da CGA da Hercules da EGA a kati ɗaya. Shi ne AMD ya saye a 2006.

Sai Afrilun 1987, IBM ya fito da jerin PS/2, da VGA a jikin babban allon cikinta. Canji mafi girma a waya yake. CGA yana aika launi ta waya huɗu, kowacce ko a kunne ko a kashe, 2 sau 2 sau 2 sau 2, launi 16. EGA waya shida, launi 64. In aka ci gaba a haka wayoyin za su zama dami. VGA sai ya koma waya uku, ja da kore da shuɗi, kowacce ana ƙara mata ƙarfin wuta ko a rage har mataki 64. 64 sau 64 sau 64 ya ba da launi 262,144. Shi ne dalilin sabon baki mai ramuka 15, kuma shi ne dalilin da har yau in wayar firojekta ta saki sai ka ga allo ya koma ruwan hoda ko rawaya: ɗaya daga cikin ukun ce ta yanke.

Da memori KB 256, VGA yana nuna 640 da 480 da launi 16, inda ɗigo ya zama murabba'i daidai, da'ira ta fito da'ira. Yana kuma nuna 320 da 200 da launi 256, kowane ɗigo bayit ɗaya, jimla 64,000. Sauƙin wannan lissafin ne ya sa masu wasanni suka rungume shi, har zuwa Wolfenstein 3D a 1992 da Doom a 1993. Yana kuma iya yin yanayin EGA da CGA da MDA. Yayyenmu da suka buga Prince of Persia a cibiyoyin koyon kwamfuta, bugunsa na PC na 1990 an rubuta shi ne ya yi aiki a Hercules da CGA da EGA da Tandy da VGA duka. Ku auna wahalar da mai manhaja ke sha kafin ya sayar da abu ɗaya.

INDA SARKI YA RASA SANDA

Tare da VGA, IBM ya sa wa PS/2 sababbin ramukan kati masu suna Micro Channel. A fasaha sun fi tsofaffin. Amma tsofaffin katunan mutane ba sa shiga, kuma duk kamfanin da zai yi amfani da su sai ya biya IBM. Wanzami ba ya son jarfa. Kasuwa sai ta tsince abin da take so: ta ɗauki VGA ta dasa a tsofaffin ramuka, ta bar wa IBM Micro Channel ɗinsa. A 1988 kamfanoni tara ƙarƙashin jagorancin Compaq suka fito da nasu tsarin, EISA, wanda tsohon kati ke shiga.

Daga nan kamfanoni irin su Tseng Labs da Paradise da Trident da ATI suka wuce VGA zuwa 800 da 600 da sama, abin da aka kira Super VGA. Matsalar ita ce kowa da hanyarsa ta kunna waɗannan yanayi, manhaja sai ta san sunan katinka kafin ta yi aiki. Dole ta sa suka haɗu a ƙungiyar VESA a ƙarshen shekarun 1980 suka amince da hanya ɗaya. IBM ya sake gwadawa da XGA a 1990, amma abin da ya rage nasa yau shi ne sunan, wanda ake rubutawa a kwalin firojekta ana nufin 1024 da 768. A 2005 ya sayar wa Lenovo na ƙasar Sin sashensa na kwamfutocin PC gaba ɗaya.

VGA kuwa ya zama yaren kasuwa. Shi ne abin da kowane kati ke ji, kowane allo ke ji, shi ne inda tsofaffin Windows ke komawa idan komai ya rikice. Da kwantenonin kwamfutoci na hannu suka fara sauka Legas suna bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja zuwa Arewa, da wannan bakin suka zo. Makaranta ta sayi firojekta, ba za ta canza ba sai ta mutu. Shi ke nan dalilin adaftar da kake nema.

ABIN DA YA SHAFE MU

Na farko, ga masu karatun kwamfuta da injiniyanci da ke tunanin aikin kundi. A duk wannan tarihin, abin da ya fi ƙarfi ba shi ke yin nasara ba, sai wanda ya zauna lafiya da kayan da ke hannun jama'a. Hercules ya ci don ya girmama koren allon da ke kan tebur. Micro Channel ya faɗi don ya ce a zubar a sake saye. In za ka gina manhaja don manomi a Giwa ko 'yar kasuwa a Gusau, ka fara tambayar wace waya ce a hannunsu, memorinta nawa, data nawa suke iya saye. Ƙarancin kayan aiki ma ba uzuri ba ne: a 2015 wasu masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci sun fito da wani nuni mai suna 8088 MPH, inda suka matso launi 1,024 daga CGA ɗin nan na 1981 da aka ce huɗu ne iyakarsa.

Na biyu ya shafi kowa, ko Hausa kake karanta ko likitanci. A zamanin shafi na 437, wanda ya rubuta baki yana nufin baƙi, ko kafa yana nufin ƙafa, yana da hujja, na'ura ce ba ta da harafin. Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ba ɓ da ɗ da ƙ gurbinsu na dindindin, kuma wayar da ke hannunka tana da allon rubutun Hausa, shiga saiti kawai za ka yi ka ƙara shi. Yau injinan fassara da manhajojin da ke koyon harshe daga abin da muke rubutawa suke koyo. In mun ci gaba da zubar da ƙugiya, haka za su ɗauka Hausa take, kuma ba wani kamfani a Amurka da zai zo ya gyara mana. Ajami ma har yanzu yana jiran masu zama su yi masa aikin haruffa da allon rubutu yadda ya kamata, kuma wannan aikin kundi ne cikakke ga wanda ke neman batu.

Suwannukul bai rubuta wa IBM takardar koke ba. Ya san harshensa, ya san lantarki, ya zauna ya karanci yadda na'urar take har ya gano inda zai shiga ba tare da ya rushe komai ba. A cikinmu akwai masu Hausa da Fulfulde da Kanuri da Nufanci a baki, ga kuma ilimin kwamfuta a hannu. Haɗa biyun ne ya rage.

Wanda ya taɓa aiki da koren allo ko ya ga katin Hercules da idonsa, musamman malamanmu da manyan yayye da ke wannan zaure, a ba mu labari mu ƙaru. Masu shirin kare kundi a wannan zangon kuma, Allah ya ba da sa'a, ya sa a gama lafiya a koma gida lafiya. Amin.